Cibiyar da muka kai Baban Ummi bayan ya aje kaki: yadda na ga aikinsu

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka fara ganin Baban Ummi yana fitowa majalisa da yamma, yana zuwa Juma'a ya shiga har cikin sahu, mata ke ta jana gefe a gidan suna da gidan biki wai wane malami ne ya yi mana aiki, wata ma har kuɗin napep ta ce za ta biya in raka ta. Toh addu'a kam an sha ta, amma akwai wata 'yar cibiya a nan cikin garin Bauchi da ke duba tsofaffin sojoji da duk wanda ya ga tashin hankalin da ya tsaya masa a rai, can muka je, kuma na ga gara in zauna in rubuta yadda wurin yake, daɗinsa da rashin daɗinsa, wadda za ta kai nata ta san abin da za ta tarar. Sai da na nemi izininsa, ya ce in rubuta amma ban da sunansa. Su ma masu wurin sun roƙa a daina ɗora sunansu ko hoton ƙofarsu a Facebook saboda yawancin masu zuwa a ɓoye suke zuwa, don haka mai buƙata ta yi min magana ta gefe zan kwatanta mata.

In faɗa tun yanzu, wurin ya yi. Amma ba sha yanzu magani yanzu ba ne, kuma akwai abubuwansu da suka ƙona min rai sosai, zan zo kansu.

Shi maigidana saje ne sanda ya aje aiki. An tura su Borno tun ana kiran aikin Zaman Lafiya, yana can aka mai da shi Lafiya Dole a 2015, ya yi wajajen Monguno da Baga. Mu 'yan Bauchi ba sai an ba mu labarin wannan masifar ta Boko Haram ba, a nan ta fara fashewa ran 26 ga Yuli 2009 a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, mun ji ta kasuwar mami a barikin Shadawanka ran 29 ga Mayu 2011, mun ga hayaƙin babbar kasuwa a Disamban 2014. Amma mu ji muka yi muka ruga gida, su kuwa a ciki suka kwana suka tashi shekara da shekaru. Da ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, sai tabo ɗaya a cinya, kowa barka yake mana, Inna har sadakar masa ta yi. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ni na san ba lafiya. Da takalmi yake kwanciya, in ma ya kwanta kenan. Cikin dare ya zabura yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba, zufa sharkaf, ya fita ya zagaya gida ya duba ƙofa ya dawo ya sake fita. Ba ya zama ya bai wa ƙofa baya ko a ɗakin Inna. Yaro ya yar da murfin tukunya sai ka ga mutum ya miƙe tsaye ido jawur, yaran da suke rige-rigen tarbarsa suka koma in sun ji sallamarsa kowa ya nemi lungu.

Wanda ya fi tsaya min shi ne na Babbar Sallah. Maƙota suka fara babbakar kai da ƙafa, ƙaurin gashin nan ya shigo tsakar gida, yana zaune da kofin shayi a hannu sai na ga kofin yana rawa, ya tashi ya yi bayan ɗaki ya dinga amai, daga nan ya shige ɗaki ya kulle, bai fito ba har aka gama yawon sallah. Naman layyarmu ko yanka ɗaya bai sa a baki ba. Ban tambaye shi abin da ƙaurin ya tuna masa ba, kuma har yau bai faɗa min duka ba.

Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce jinin da ya gani ne ke binsa, aka yi ruƙiyya aka yi hayaƙi aka sha rubutu da habbatus sauda. Wani mai kemis ya haɗa shi da D5 don barci, daga baya na tsinci fankon tiramol a aljihun tsohuwar rigarsa. Ni in na ce asibiti sai ya ce ni ma na mai da shi mahaukaci kenan. Wanda ya iya da shi wani abokin aikinsa ne da suka yi difo tare a Zariya, shi ma yana zuwa wurin, ya zo ya ce masa "Saje, tashi ka raka ni, ka zauna ka ga abin da ake, in bai yi maka ba ka taho." Shi kenan fa.

Abu na farko da ya burge ni, gida ne kamar kowane gida, ba wani allo a ƙofa da aka rubuta ƙwaƙwalwa ko taɓin hankali, wanda ya gan ka kana shiga zai ɗauka gaisuwa ka je. Akwai darbejiya a tsakar gidan da benci a ƙarƙashi. A ɗakin jira duk kujerun a jikin bango suke, kowa yana ganin ƙofa, ba wanda wani zai ɓullo masa ta baya, kuma na tambaya aka ce da gangan aka jera su haka. Wannan kaɗai ya nuna min masu wurin sun san su wa suke jira. Kuɗin kati kaɗan ne, zaman tattaunawa kyauta, magani ne kake saya.

Jami'in da aka haɗa shi da shi, mu Malam muke ce masa, bai kai maigidana shekaru ba amma ya san girman mutane. Bai taɓa kiransa da gatsal ba, kullum "Saje, ranka ya daɗe". Ranar farko ni ma an shigar da ni da yardarsa, tambayoyi aka yi ta yi a natse, barci, mafarki, fushi, abin da yake gudu, tun yaushe, yana shan wani abu, akwai makami a gida, har aka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Gabana ya faɗi da na ji tambayar, na ce a raina ai wannan sa masa tunanin za a yi, amma Malam ya ce tambaya ba ta sa wa mutum tunanin, sai dai ta buɗe masa ƙofar faɗa. Kuma ya amsa. Abin da ya amsa ya sa na yi kuka a napep har gida, amma gara da na sani.

Sannan ya yi mana bayanin abin da ke damunsa, likitoci na kiransa PTSD. Ya ce jiki yana da abin da ke tashinsa in haɗari ya zo, zuciya ta buga da sauri, ido ya buɗe, barci ya gudu, kuma a filin daga wannan ne ya raya shi. Matsalar ita ce an dawo gida abin bai kwanta ba, ya zama kamar jiniyar motar da ta lalace, ko kaza ce ta gifta sai ta kama kuka. In abin ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwarsa, da mafarkai da zabura da gudun duk abin da ke tuna masa, to ya zama ciwon da ke son magani. Ya ce masa tun 1980 likitocin Amurka suka sa shi cikin littafinsu na cututtuka, kuma sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam na cikin dalilin da ya sa. Na ga yadda kafaɗar maigidana ta sauka da ya ji haka. Shi duk a zatonsa ragwanta ce, wai namiji kuma soja yana tsoron murfin tukunya.

Aikin nasu mataki-mataki ne. Makonnin farko ba a ma taɓa labarin daji ba, numfashi aka koya masa, ya ja a hankali ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, da kuma in abin ya taso masa ya taka ƙasa da ƙafarsa ya lissafa abubuwa biyar da yake gani a ɗakin, ya faɗi sunan unguwar da yake da shekarar da ake ciki, don hankalinsa ya dawo Bauchi ya baro Baga. Da farko raina abin ya yi, ya ce wasan yara ne. Sai ga shi wata rana taya ta fashe a wajen Wunti muna cikin napep, na ji yana cewa ƙasa-ƙasa "kwano, lemo, jar hula, mai rake, allon MTN", hannunsa na rawa amma bai dira ba. Bayan nan suka rubuta jerin wuraren da yake gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ƙofar gida, majalisa, masallacin unguwa sahun baya kusa da ƙofa, kasuwar Muda Lawal da sassafe kafin ta cika, a haka har Juma'a. Kowanne sai ya maimaita shi har tsoron ya ragu kafin a wuce gaba, kuma ba a yarda ya sha komai kafin ya je ba.

Mai wuyar shi ne ba da labarin. Ana sa shi ya faɗi abin da ya faru daki-daki, a sake, a sake, har ya daina zama kamar yanzu yake faruwa. 'Yan uwa a nan ne mutane da yawa ke gudu, don wallahi abin ƙaruwa yake kafin ya ragu. Lokacin mafarkan suka dawo sabo, ya yi rantsuwa ba zai koma ba, ni ma na fara cewa ko dai a bar shi haka, amma tun kafin a fara Malam ya gaya mana haka za a yi, kuma da bai ga ya zo ba shi da kansa ya kira waya, bai yi masa faɗa ba, ya ce "Saje, ko gaisawa ce ka zo mu yi." Wannan kiran na yaba masa ƙwarai. A cikin wannan zaman ne abin da ya fi cinsa ya fito, ashe ba tsoro ba ne kaɗai, akwai wani yaro da ya karɓe shi gadi a daren da aka kawo musu hari, yaron bai kwana da rai ba, shi ya kwana. Lambar yaron na nan a wayarsa duk shekarun nan bai goge ba. An daɗe a kan wannan, me ya sani a daren, me bai sani ba, wa ya harba, wa ke da ajali a hannunsa. Daga baya shi da abokinsa suka shirya suka je suka gai da mahaifiyar yaron, ya dawo ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Wajen magani akwai likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa musu. Shi ya ce D5 ɗin nan ba ya warkar da komai, danne abin yake kuma jiki na sabawa da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2013 ta ce kar a dinga ba da irinsa ga wanda bai jima da shiga tashin hankali ba. Amma ya hana a yanke shi rana ɗaya, a hankali aka dinga ragewa. Ya sa shi a kan wani da ake kira sataralin, ya ce sai an yi kamar wata ɗaya zuwa sati 6 kafin a ga amfaninsa, kuma ya ja kunne sosai kar a haɗa shi da tiramol don haɗin na iya kawo jijjiga. Ban ji ya kunyata shi a kan tiramol ɗin ba ko kaɗan, ya ce binciken da aka yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya wajen miliyan 4.6 ne ke shan irin su tiramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, wasunsu ciwo suke gudu ba iskanci ba.

Akwai zaman tsofaffin sojoji su kaɗai, Musulmi da Kirista, har da wani dattijo da ya yi Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, wai shi tun lokacin bai yi barcin kirki ba sai yanzu da jikoki. Ba na shiga, amma daga benci ina jin dariyarsu wani lokaci, wani lokaci kuma tsit. Abin da aka faɗa a ciki a ciki yake tsayawa. Akwai kuma ranar waɗanda ba sojoji ba, na haɗu da wata 'yar Gwoza da ta gudo tun da aka kama garinsu a 2014, da wani bawan Allah daga wajen Alkaleri da ya yi makonni a hannun masu garkuwa.

Mu ma matan ana zama da mu, kuma ni a wurina wannan ne ya sa wurin ya fi inda muka taɓa zuwa. Wata Anti ce ke yi da mu. Ita ta koya min kar in taɓa shi in yana cikin mafarki, in tsaya nesa kaɗan in kira sunansa in kunna fitila. In daina tsare shi da tambaya. In gaya wa yara da bakin da za su gane cewa Baba ba shi da lafiya ne ba tsanarsu ya yi ba. Kuma ta faɗa mana ƙarara, a gaban kowa, cewa ciwo ba lasisin duka ba ne, wadda ake duka ta faɗa, ta kwashe yara ta matsa inda za ta tsira tukunna a ci gaba da magani. Na ji daɗin da ba ta ce mana a yi ta haƙuri kawai ba, don haƙurin nan mun sha shi har ya ishe mu, wata a cikinmu da ƙyar take buɗe ido ɗaya ranar da ta fara zuwa.

Maganar addini kuwa ba su taɓa raina ta ba. Inna ta tsorata kar a ce a bar ruƙiyya, Malam ya ce mata "Inna ku ci gaba da addu'arku, mu ma ita muke nema, Annabi SAW ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Ya tuna wa maigidana Annabi Yakubu da idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, ya ce wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni. Abin da kawai suka hana shi ne a ɗaure mutum ko a dake shi da sunan cire aljani.

Yanzu ga inda suka gaza. Likitan nan ɗaya ne kuma ba kullum yake zuwa ba, ranar da zai zo tun asuba ake kama layi, ka wuni a benci a ƙarshe ya gan ka minti kaɗan, wani lokaci ma a ce ya yi tafiya bayan mutum ya taso tun daga Ningi ko Misau ya kashe kuɗin mota a wannan tsadar man. Ko saƙon tes ai sa tura. Na san ba laifinsu ba ne duka, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, amma sanarwa kam ba ta buƙatar likita. Magani yana yanke musu, a ba ka takarda ka shiga gari nema, kuma irin wannan maganin ba a son a tsallake. Yarinyar da ke kan kati tana ƙwala kiran cikakken sunan mutum har na waje ya ji, a wurin da kowa ke ɓoye zuwansa, na yi mata magana ta gyara kwana biyu ta koma. Janaretonsu yana jikin tagar ɗakin da ake zama, ranar da ya yi wata ƙara kamar harbi sai da wani ya shige ƙarƙashin tebur, abin tausayi, dattijo da furfurarsa. Kuma matakala ce a ƙofar, ba gangaren keken guragu, a wurin da masu ƙafa ɗaya ke zuwa, da idona na ga ana ciccibar wani ana shigar da shi yana sunkuyar da kai don kunya. Buhun siminti nawa zai ci? Lambar wayarsu ƙarfe 4 ake kashe ta, alhali wannan ciwon da dare yake tashi. Sannan ba su da mai duba yara, ga Ummi har yanzu in an ɗaga murya sai ta toshe kunne.

Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye tsohuwar dokar 1958, kuma duk mun ga Yarima Harry na Ingila a asibitin sojoji na 44 a Kaduna a watan Mayun 2024 yana gaisawa da waɗanda suka ji rauni. Na ji daɗin duka biyun. Duk ranar 15 ga Janairu kuma ana aje furanni don waɗanda suka kwanta dama, Allah ya jiƙansu. Roƙona a tuna da waɗanda suka dawo da rai suna zagaya tsakar gida ƙarfe biyun dare, garin da ke da bariki kamar Shadawanka da makarantar sojojin tankoki bai kamata a ce 'yar cibiya ɗaya mai rayuwa da tallafi ce ke ɗauke da wannan nauyin ba, Azare ma ya kamata a ce tana da tata.

Shi dai Baban Ummi bai warke sarai ba, kar in yi muku ƙarya. Wani daren har yanzu yana zabura, lokacin Kirsimeti da yara ke fasa nokawut a ɗaki yake wuni da rediyo. Amma yana barci ba takalmi, ya bar tiramol, ya karɓi aikin kula da sito a wani shagon kayan gini, kuma yaran sun koma rige-rigen karɓar ledar hannunsa.

Wadda nata ya fara maganar gara ya mutu, ko yana rabon kayansa, ko ya ɗauki makami a gida, kar ta jira ranar layi a cibiya, a kira 'yan uwa maza a kawar da wuƙaƙe da magunguna a wuce da shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na ATBU ko babban asibitin da ya fi kusa a daren. Wadda kuma abin bai kai nan ba, kar ki yaudare shi ki ce wani wuri za ku, in ya gane ba zai sake yarda da ke ba, ki nemi wanda suka sa kaki tare ya yi masa magana, soja maganar soja yake ji. Ku je da sassafe, a ci abinci kafin a fita don za a jima, kuma a tafi da duk kwalayen maganin da yake sha har wanda yake ɓoyewa, likitan zai so ganinsu kafin ya rubuta komai.